Tohon da Ya Farka Kafin Lokaci

Litinin, 20 ga Janairu

Yau na ji daɗin aji. Na shiga da reshen tuffa, na ce su taɓa tohon: ba mutuwa ya yi ba, barci yake. A cikinsa akwai sinadari biyu, ɗaya na cewa kwanta, ɗaya na cewa tashi. Akwai kuma ƙwayoyin gado da ke riƙe da ƙofar kamar sakata, ba sa saki sai itacen ya sha sanyi ya ƙoshi. Himani, 'yar Khem Singh mai gonar bakin rafi, ta ɗaga hannu: “Malam, bana da babu dusar ƙanƙara fa?” Wannan yarinya! Na ce ai har magani akwai, ana fesawa ya ɓalle sakatar da ƙarfi. Ina cikin zuba aka kaɗa ƙararrawa.

Laraba, 29 ga Janairu

Har yanzu duwatsun kwarinmu na Kullu tsirara suke. An fito da abin bautar ƙauye da ganguna, ana roƙon dusar ƙanƙara.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na gamu da Khem a shagon shayi. Ya dafa kafaɗata yana dariya. “Malam, ashe kana da sirri ka ɓoye mana? Ɗalibarka ta kawo mini karatu har gida.” Ya sayo maganin a garin Bhuntar, ya feshe gonar kaf tun Litinin.

Kaf. A Janairu.

Na ce, “Yaya Khem, da wuri ne. Ana jira sai mugun sanyi ya kusa wucewa.” Ya ce, “Wane sanyi? Dubi ko suwaita ban sa ba.” Na ajiye shayin. Ban gaya wa ajin lokacin fesawa ba. Na tabbata ban gaya musu ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na bi ta gonar da yamma kamar mai wucewa. Toho bai motsa ba. Wataƙila maganin jabu ne. Ban taɓa yi wa kowa fatan an cuce shi ba sai yau.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ya motsa. Sun kumbura, bakinsu ya yi kore. Na maƙwabta kuwa ƙulle suke, suna barcinsu. Tohon da ke barci zai iya jure sanyin da ke fasa tulu. Wanda ya farka cike yake da ruwa, ɗan kaɗan ya ishe shi.

Himani ta kawo mini siddu, burodin nan da ake turarawa, mai zafi a ƙunshe. “Inna ta ce a gode maka.” Na karɓa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Dusar ƙanƙara tun hantsi. Ƙauye duk murna, ana ta ganguna. Matata Sunehri ta ce, “Kai kaɗai ne ka ɗaure fuska a kwarin nan, wa ya mutu?” Ba dusar nake tsoro ba. Ranar da gajimare zai yaye nake tsoro.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Ya yaye. Sama fes, iska ta tsaya cak. Na je na sami Khem, na faɗa masa komai ba kwana-kwana. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, “To Malam, littafin naka ya ce a yi yaya?” Na ce hayaƙi, ko zai tare musu sanyi. Mun yini muna jibge jiƙaƙƙiyar ciyawa tsakanin itatuwa, ni da shi da Himani da innarta. Sau ɗaya ya ce da yarinyar, “Ke 'yar boko, ɗauko cebur.” Ta ɗauko, kanta a ƙasa.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Da asuba muka kunna. Ruwan bokiti ya zama dutse. Hayaƙin ya kwanta a kan itatuwan tudu, na gangare kuwa sanyi ya gangaro ya zauna musu.

Da rana ta yi sama na tsaga toho da reza. Na tudu: cikin kore. Na gangare: baƙi, baƙi, baƙi. Na daina tsagawa, Khem ya ce, “Ci gaba.” Fiye da rabin gonar. Na ce, “Yaya, laifina ne, ba na yarinyar ba.” Ya goge hannu a wando. “Ni na fesa. Je ka, yara na jiranka.”

Ban je ba.

Talata, 4 ga Maris

Himani ta dawo aji, ta koma bencin baya. Jiya na karanta wani sabon bincike kan yadda za a tsawaita barcin toho. Abu mai kyau ƙwarai. Na shiga da shi a aljihu. Mun yi abin da ke manhaja, shafi bayan shafi. Da za a tashi ta tsaya a ƙofa.

“Malam, yau babu sabon abu?”

Na ce babu.

Lokaci ne ya ƙure. Ina jin lokaci ne.