Dodon Rijiya Ni Na Ƙago Shi

Assalamu alaikum Edita, da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma a jinkirta zagina sai an kai ƙarshe.

Na karanta tarihin sarakuna azzalumai da dama, ban ga wanda ya kai 'yar shekara uku da ke firgita a barci ba. Ni malamin firamare ne a ƙasar Malumfashi, kuma yau kwana ashirin rabon gidana da barci. Da dare ya raba sai 'yata Ladi ta zabura tana ihu, ido buɗe amma ba ta gane kowa, uwarta ta rungume ta ta ture, gumi sharkaf. Gari na wayewa ta nemi kokonta kamar ba ita ba, mu kuwa mu yini muna layi. An sha rubutu, an yi turare, an rataya laya. Shiru.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Rijiyar gidanmu ba murfi, shekara guda ina alkawarin katako. Wata rana uwarta ta tafi suna, na tarar da Ladi tana leƙe a bakin rijiyar. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa darasin da yaro ya gani da idonsa ya fi zama. Sai na ɗaga ta, na nuna mata duhun ciki, na yi gurnani, rijiyar ta amsa. Na ce, "Kin ji Dodo? Yara yake jira." Darasi ya zauna, wallahi ban taɓa koyar da abin da ya zauna haka ba.

Sai mahaifiyata ta zo daga Kafur jinya. Kwana biyu ta gama bincike: Iya, tsohuwar Bayarabiya mai ƙosai a bakin layinmu, ita ta kama kurwar yarinya. Hujja? Tana ba ta ƙosai kyauta tana shafa mata kai. Shekara ashirin matar nan na garin, yanzu ba mai sayen ƙosanta, yara na bin ta da "mayya".

Na ce, "Inna, wannan camfi ne."

Ta ce, "To Malam mai boko, faɗa mana me ya kawo."

Na sunkuyar da kai. Ni da nake fasa aji da bayanin kusufin wata! Matata ta ce, "Malam, in ba ka da magani, bar masu yi su yi." In ce mata me? Ni na riƙe 'yarta a kan rijiya don ƙyashin sayen katako? Inna kuma da ta riga ta shelanta wa unguwa, in kunyata ta a gaban surukarta?

Jiya Iya ta tare ni a hanyar makaranta, ta kira ni da Ticha irin na bakinta, ta ce, "Tisa, kai ma ka yarda?" Na duba agogona na ce na makara.

Yanzu an yanke za a kawo ta tsakar gidana ta tsallake Ladi sau uku a gaban jama'a, wai ta saki kurwa. In ta ƙi, mayya ce. In ta yi kuma yarinya ta samu barci, ta tabbata mayya har kabarinta.

Jama'a, me zan yi?

Jaridarku takan yi mako biyu kafin ta iso garinmu. Tsallaken jibi ne.