Zuciyar Inna a Gaban Tabulo

Dakoro

Yaya Haula,

Bayan gaisuwa, ina fatan ku da yara kuna lafiya a Maraɗi.

Kin san Inna ta shiga ajin karatun manya da nake koyarwa bayan la'asar. A gida ni Nafi'u ne, a aji kuwa mushe take ce mini, wato malam. To, wasu masu bincike sun kawo mana abin ɗaurawa a hannu kamar agogo, yana auna bugun zuciya da zufa, su kuma su gani a ordinatar, wato kwamfuta. Suka nuna mini na Inna. Duk sanda na kira ta tabulo, wato gaban allon aji, sai zuciyarta ta hau bugu da sauri. Suka ce wataƙila tsoro ne. Tausayi ya kama ni, na daina kiranta.

Yanzu ta ce ta bar karatun, kuma ta ƙi faɗin dalili. Me zan yi?

Ƙanenki, Nafi'u

Maraɗi

Nafi'u,

Muna lafiya, na amsa gaisuwa. Matar da ta taɓa kashe kububuwa da taɓarya ita ce za ta ji tsoron alli? Agogon ya ji bugu, amma shi bai tambaye ta ba, kai ma haka. Ka same ta ita kaɗai, hannunta na kan aiki, ka zauna kusa.

Ka gaida mutanen gida.

Yayarki, Haula

Dakoro

Yaya Haula,

Gaisuwa mai yawa. Na same ta tana ɓarar wake, na sa hannu. Muna cikin ɓara sai ta ce, “Shekara nawa ina wanke maka rigar lakwal kana tafiya karatu, ban taɓa sanin abin da kuke yi a ciki ba? In ka ce in zo tabulo, daɗi ne yake cika ni. Sai na ga kana tsallake ni. Na ɗauka kunyata kake ji a gaban mutane.”

Na ba ta haƙuri. Masu binciken ma yanzu suna tambayar kowa abin da ya ji. Jiya ta koma aji, ita na fara kira.

Sai na ji daga gare ki.

Nafi'u

Dakoro

Ɗiyata,

Ina gaishe ki. Ni na rubuta wannan. Mushe ya so ya gyara, na hana. Ki aiko mini da tabarau, rubutun littafin ƙanana ne.

Allah ya yi miki albarka.

Inna