Muryar Labaran Tana Ƙarewa A Hannuna

Zuwa ga Malam mai filin shawara,

Don Allah ka taimake ni, na rasa tudun dafawa. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tsoho in ya ɗauko zance sai ya biya da shi ta gidan kakarsa.

Ni manomi ne a ƙasar Kiru. Ba na shan taba, goro ma bai dame ni ba, abin da aka jarrabe ni da shi sauraron kiɗa ne. Tun ina saurayi in na ji ana kalankuwa ko gayya a wani gari, ko Bebeji ne ko Tudun Wada, sai in ɗora wa jaki akumari. Na ji masu goge, na ji masu gangar noma, amma ban taɓa jin kamar Labaran mai garaya ba, makaɗin maharba daga wajen Doguwa. In ya zauna gindin tsamiya da la'asar ya karkace hula, Mamman ɗan amshinsa yana karɓa masa, sai ka ga dattijo ya manta da ciwon gwiwa. Shekara ashirin da ɗoriya ina bin sa, har muka saba. Alƙali yake ce mini, wai ni kaɗai nake zuwa fage ba rawa ba kirari, sai sauraro kamar ana shari'a.

Shekara huɗu da suka wuce gyaɗa ta yi kyau, na shiga Kano na sayo garmaho. Matata Turai ta ce mazan mutane sun sayo keke, nata ya sayo akwatin surutu. Sannu a hankali na tara fayafayai goma sha ɗaya, kowanne a naɗe cikin tsohon zane a adudu. Ɗaya ne na Labaran, don sau ɗaya tak aka kai shi birni aka ɗauki muryarsa. Shi ya ba ni labari da bakinsa, ya ce ko gaisuwa bai gama ba Baturen da ke ɗaukar muryar ya ɗaga hannu wai faifai ya cika. Da aka zo ɗaya gefen, sai ya bar kirarin maharba ya jefa sunan matarsa, ya ce Kande ta Labaran, mai ba da fura ba a roƙa ba.

Bara da damina Allah ya yi masa rasuwa. Da Kande ta fita takaba ta dawo Badafi wurin ƙanenta. Wata ran kasuwa sai ga ta a ƙofar zaurena, tsohuwa da sandarta, ta ce an gaya mata mijinta yana cikin akwati a gidana. Na wana garmaho na ɗora faifan. Ba ta yi kuka ba. Da ya zo kan sunanta sai ta ce, ji shi, maƙaryaci, kullum sai ya roƙa. Sannan ta ce, Alƙali, mayar mini da wurin nan. Na ɗaga allura na mayar. Tun daga ranar kowace kasuwa tana zuwa da ƙafa, kuma wurin nan dai take so, sau uku, sau huɗu, sannan ta shiga ciki su gaisa da Turai ta tafi.

To ga inda na yi ɓarna. Allurar garmaho a ɗan gwangwani take zuwa, sai a Kano ake samu. Ni kuwa a gidan da na tashi ba a yar da ƙarfe. Fartanya in ta dakushe maƙera ake kai ta, aska kuma a wasa ta. Saboda haka duk sa'ad da allura ta dakushe sai in goga ta a dutsen washi in mayar, har ina yabon kaina. Allura biyu suka yi mini shekara. Na daɗe ina ganin wani baƙin gari kamar toka a bakin allurar, ina busarwa. Ashe, Malam, Labaran nake busarwa.

Yanzu faifan ya yi fari-fari, kuma wurin sunan Kande ya fi ko'ina cinyewa. Ƙara ce kamar ana suyar gyaɗa a yashi, muryar tana can ƙasa kamar daga rijiya. Na kwasa na tafi Kano, na shiga kanti uku, duk suka ce kaɗan aka buga, ba a kawo shi kuma. Wani mai gyara ya ɗaga shi a rana ya tambaye ni ko da ƙusa nake sa shi. Na karɓi abina na fito.

Mako uku ke nan ina yi wa Kande ƙarya, na ce wani ƙarfe ya karye a ciki an aika nema. Bai hana ta zuwa ba. Sai ta zauna a tabarma ta dubi akwatin, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta ɗauki sandarta. Turai ta daina tsokanata, abin da bai taɓa faruwa ba.

In na ci gaba da sawa, da hannuna zan ƙarasa shi. In na hana, mene ne amfanin murya a cikin adudu? Kuma da wane baki zan ce mata ni na ci mijinta da dutsen washi? Ba zan ɓoye maka ba, akwai son zuciya a ciki, ni ma ina so ya ɗan rage mini. Na juya abin nan ta kowace fuska ban ga mafita ba. Kada ka buga sunana.

Naka,
Tsoho mai bin kiɗa, Kiru

AMSA

Baba, sannu da wannan damuwa. Ban buga sunanka ba, amma ka tambayi kanka garmaho nawa ne a Kiru. Jaridar nan a bakin kasuwa ake karanta ta da ƙarfi. Saboda haka shawarata ta farko ta gaggawa ce: ka je Badafi da kanka, tare da Turai, ka gaya wa Kande gaskiya kafin wani ya riga ka. Ka faɗa mata har da dutsen washin. Matar da ta iya ƙaryata mijinta a cikin faifai ba za ta sume don jin wannan ba. Wataƙila ta yi maka faɗa, ka ɗauka, ka ci bashinsa.

Na kai maganar allura wurin masu sanin abin. Sun ce ana yin ta ne don ta dakushe a yar, gefe ɗaya ko biyu ke nan aikinta. Wadda aka wasa kuwa noma take yi a cikin faifai. Abin da ya cinye ba ya dawowa, kada wani ya ruɗe ka da shafa mai ko wanki. Amma ana iya rage saurin ɓarnar. Ka sa sabuwar allura kowane lokaci. In babu, sun ce busasshiyar ƙaya mai ƙarfi tana yi, muryar za ta yi ƙasa amma ƙayar ce za ta ci, ba faifan ba. Kuma ka daina ɗaga allura kana mayarwa wuri ɗaya, a bar waƙar ta tafi daga farko har ƙarshe.

Ban ga laifinka ba don kana so ya rage maka. Kai ka saya, kai ka bi mutumin nan shekara ashirin, kai ma ka yi rashi. Sai dai ka auna: kai waƙa kake ji a ciki, kana kuma da wasu goma a adudu. Ita kiran sunanta take ji, ba ta da na biyu. Ɓoyewa kuma ba ta ceci kowa ba, ta dai hana ku duka biyun.

Ka aika a nemo Mamman ɗan amshi tun ana iya jin kalmomin. Ya zauna ya saurara sau ɗaya ko biyu, abin da ya manta ya dawo masa. Ba zai zama Labaran ba, kada ka sa rai, amma waƙar za ta sami inda za ta zauna. Ni kuma daga nan ina roƙon masu karatu, duk wanda yake da wannan faifai ya rubuto mana. Ban yi maka alkawarin za a samu ba.

Sauran jin da ya rage a faifan, ko goma ne ko ashirin, ka bar wa Kande ta raba shi da kanta. In ta ce sai salla salla, to. In ta ce a sa kowace kasuwa har ya yi shiru, ka wana mata, ka zauna ka saurara tare da ita, kada ka ƙirga.

Allah ya jiƙan Labaran, ya ba Kande haƙuri, kai kuma ya sauƙaƙa maka hanyar Badafi.