Awa Shida da Suka Zama Sha Uku

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya ƙara miki lafiya, ya raba ku lafiya da abin da kike ɗauke da shi. Babanki lafiya lau, sai tarin nan da ba ya barinsa. Yayarki ta warke, ta koma shagon ɗinki. Gwaggonki ce har yanzu gwiwa ta hana ta fita.

Na samu hoton tikitin jirgin da mijinki ya yankar miki don ki zo ki haihu a gabana. Da kaina na karanta, da yatsa, kamar yadda aka koya mana a ajin manya. Na ga tashi ƙarfe tara na safe, sauka ƙarfe uku na rana. Na ƙirga awa shida, na ce wannan ai da sauƙi, har na wanke labulen ɗakinki.

Shekaranjiya na kai wa kawunki mai gyaran agogo ya gani. Ya yi dariya har gilashinsa ya zame, ya ce karatuna daidai ne, lissafin ne ya cuce ni. Ya ɗauko agogo biyu ya jera a kan teburinsa, ya nuna mini cewa agogon ƙasar da kuke ya riga namu da awa bakwai, don haka zaman awa goma sha uku za ki yi a sama. Ya ce tsakanin filin jirginku da namu ya kai kilomita dubu goma sha ɗaya. Ashe shi ya sa in na kira ki da la'asar nake jin muryar barci.

Gani ya kori ji. Jiya na ɗauki kujerar roba na zauna a falo don in gwada, na ce ba zan tashi ba sai salla. Babanki yana ta tsokanata, wai yaushe za mu sauka. Kafin awa biyar ƙafafuna sun kumbura, bayana ya riƙe. Ni ke nan da ba na ɗauke da kowa, balle ke mai cikin wata takwas.

Auta, kada ki hau jirgin nan. Ni zan zo. Kin san ko tsani ba na iya hawa, amma in ƙafa za ta kumbura, gara tawa. Yayarki ta ce za ta raka ni ofishin fasfo ranar Alhamis ta sama, don haka ki ba ni amsa kafin Laraba, ki kuma faɗa wa mijinki ya mayar da tikitin. Kujerar tana nan, kullum zan riƙa ƙara awa ɗaya.

Ki gaishe da mijinki da maƙwabciyarki nas. Babanki, yayarki, gwaggonki da kawunki duk suna gaishe ki.

Ni ce mai ƙaunarki,
Innarki, da hannuna na rubuta.