Rigar Mahaifinki Tana Nan

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Bayan gaisuwa, yaya jikinki, da maigidanki da yara?

Na yi sabon aboki a kasuwar Hunkuyi, Sule mai hatsi. Kullum sai ya ce, "Malam Garba, ka bushe kamar karan dawa, rigar nan uku irinka za ta ɗauka!" Jama'a su yi ta dariya. Haushi ya sa har na nufi tela a rage ta, amma na juyo.

Na ce masa, "Ta yayana ce, marigayi. Shi ya cika ta, ni riƙo nake." Washegari ya zo har gida ba ni haƙuri.

Hankalinki ya kwanta. Rigar mahaifinki tana nan, almakashi bai taɓa ta ba.

Ki sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Baffanki, Garba