Notin Sama Kafin na Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah ya raya mana su, ya sa albarka a aikin asibitin nan da ke cinye miki lokaci. Mu ma nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke yi mini gardama in zan tashi. Goggonki ta tafi wajen 'yarta tun da ta haihu, wata na biyu ke nan, ta ce mako guda za ta yi. Saboda haka ni kaɗai ne a gidan, ni da agogon bango. Kujerar mahaifinki tana nan a bakin rumfa inda ya bar ta. Kullum sai na ce zan shigar da ita ciki, sai in share ƙarƙashinta in mayar.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da muka yi a waya. Kin ce motar Yaya, wato mahaifinki, ta fara kuka daga baya in kin ɗan taka ta, alhali ba ki taɓa wasa da juyen baƙin mai ba, kuma maigidanki ya ce gara a rabu da ita tun tana da daraja, har mai saye zai zo ƙarshen wata. Ban ce miki komai ba a lokacin, don kin san Baffanki, shekara talatin yana koyar da aikin mota, in babu allo bakinsa ba ya buɗuwa. To ga allon nan.

Mutane da yawa, har da masu ilimi irinki, sun ɗauka in an juye baƙin mai an gama da mota. Baƙin mai na inji ne kawai. Motar mahaifinki kuwa da ƙafafunta huɗu take ja, don haka akwai wasu wurare a ƙarƙashinta da ƙarfe ke cizon ƙarfe, kowanne da nasa man. Akwai giya, akwai ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, akwai kuma kumburarren akwatin nan da ke tsakanin tayoyin baya, da ɗan'uwansa na gaba. Su ba sa kunna miki fitila a gaban sitiyari. Shiru suke yi su yi ta haƙuri, ranar da haƙurin ya ƙare sai ki ji kuka. Na duba ɗan littafin da Yaya ke rubuta kwanan wata, rabon da a taɓa man nan tun shekara biyu kafin ya kwanta ciwo. Yanzu kuma shekara uku da rasuwarsa. Ki lissafa da kanki.

Kafin in faɗa miki yadda ake yi, bari in ba ki labarin abin kunyar da ya same ni makon jiya. Kowane akwati noti biyu gare shi, na ƙasa wanda ake tsiyaye tsohon mai ta nan, da na sama wanda ake ɗura sabo. Ni da mahaifinki tare muke wannan aiki tun muna da baƙin gashi. Ranar Asabar da hantsi za mu jera motocin biyu a tsakar gida, shi zai fara shiga ƙarƙashi da sifana ya sassauta notunan sama duka, ya fito yana kaɗe riga ya ce, "Malam Alli, an buɗe maka aji, bismilla." Sannan ni in shiga in tsiyaye. Haka yake kirana saboda allin koyarwa, wai ni na san sunan kowane noti a littafi, shi kuwa da bai wuce aji huɗu ba halinsu ya sani. Ina koya wa ɗalibai cewa na sama ake fara kwancewa, na rubuta a allo ba adadi, amma hannuna bai taɓa yin haka ba, don kullum a buɗe nake samunsa.

To Asabar ɗin da ta wuce na ce bari in yi wa tawa motar, na gaji da ɗage ranar. Na shimfiɗa kwali, na shiga, na kwance notin ƙasa na akwatin baya, mai ya tsiyaye tas. Na miƙa hannu waje ina jiran a ɗora mini sifana. Na daɗe a haka, Auta, hannu a buɗe, kafin na tuna. Da na jawo sifanar da kaina na kama notin sama, sai ya ce bai san zance ba. Tsatsa ta cinye shi. Na ja, na buga, har kan notin ya murje. Ga akwati babu ɗigon mai, ga ƙofar ɗurawa a rufe, mota ba ta isa ta motsa ko taku ɗaya ba. Kwana huɗu tana tsaye a tsakar gida ina kewaye ta. A ƙarshe sai da na je na kira mai walda na bakin titi ya liƙa wani noti a kan murjajjen, sannan ya fita. Yana aiki yana dariya, wai shi da ya ji malamin malamai na nemansa ya ɗauka lacca zai sha. Na yi dariya tare da shi, na raka shi ƙofa, na dawo na zauna a kujerar Yaya har mai kiran sallar la'asar ya tashe ni.

Saboda haka ki riƙe wannan ko da kin manta sauran: kada ki taɓa notin ƙasa sai na sama ya kwance a hannunki. In ya ƙi, ki fesa masa man sassauta tsatsa ki ba shi lokaci. In ya ƙi har yanzu, ki bar komai yadda yake, motarki na da tsohon mai kuma za ta kai ki wajen bakanike da ƙafafunta.

Sauran aikin bai kai wahalar yi wa jariri allura ba, wanda kike yi kullum. Ki ɗan zaga da ita minti goma don man ya yi ɗumi ya saki jiki. Ki tsayar da ita a wuri mai daidai, ba gangare ba. In za ki ɗaga ta, kada ki yarda da jak shi kaɗai, ki sa mata ƙafafun ƙarfe ta zauna a kai gaba da baya, don in ta karkata awon man zai yi miki ƙarya. Ki fara da akwatin baya, tunda shi ke kuka. Man zai fito baƙi da wari mai hawa kai, kada ya tsorata ki, haka warinsa yake, sai dai ki sa rigar da ba kya so. Notin ƙasa yana da maganaɗisu a bakinsa. In kin ga laushin toka-toka kamar kwalli, wannan tsufa ne kawai, ki goge da tsumma. In kin ga ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke iya ji, ko man ya fito fari-fari alamar ruwa ya shiga, ki ɗauki hoto ki turo mini. Ki sa sabon zoben hana yoyo a notin, ki mayar ki ɗaure shi da hankali, ba faɗa kuke yi ba. Sannan ki ɗura sabon mai ta ƙofar sama har sai ya fara leƙowa yana zirara, wannan ne cikarsa. Haka za ki yi wa akwatin raba ƙarfi da na gaba, amma ki duba littafin motar da ke aljihun gaba, don ba lallai mai iri ɗaya suke sha ba, kuma kada mai shago ya ce miki duk ɗaya ne. Ita giyar kanta ki bar ta tukuna, wannan sai muna tare.

Ba zan yi miki alkawarin kukan zai daina ba. In ƙarfen ya riga ya ci kansa, sabon mai ba zai mayar da shi yaro ba, kuma a lokacin in kun sayar ba zan ce uffan ba, motarki ce. Abin da ba na so shi ne ta tafi hannun baƙo a kan abin da wuni ɗaya zai iya gyarawa. Kuma in faɗa miki gaskiya, duk lokacin da kuka zo, ƙarar injinta nake fara ji tun daga kan kwana, kafin in ga fuskar kowa. Ita kaɗai ce ta rage da ke shigowa gidan nan da irin sallamar Yaya.

A cikin ƙunshin da ke tare da takardar nan za ki ga sifanarsa, mai jan tef a mariƙi, da ɗan famfon hannun da muke ɗura mai da shi. Ƙusar da suke rataye a bango ta zama fanko, na bar ta haka.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce masa ban ƙi shawararsa ba, Asabar ɗaya kawai nake roƙo, kuma shi ma ya cire agogo ya riƙe miki kwano. Ki shafa mini kan 'yan biyu. Goggonki ta ce in na rubuta in sa gaisuwarta, ga shi na sa. Mai waldan ma ya ce a gaida likita.

Ki gwada, Auta, da hannunki. In kin shimfiɗa kwalin ki kira ni, ki ajiye wayar a ƙasa kusa da kunnenki. Ba zan cika ki da surutu ba, tambaya ɗaya zan yi miki kafin ki taɓa komai, ko na sama ya buɗe. In kun gama kuma, mota tana son a gwada ta a doguwar hanya kafin a yanke mata hukunci. Kin san hanyar da nake nufi. Zan bar ƙofar gida a buɗe, in zauna a bakin rumfa ina saurare.

Wassalam.

Naki har kullum,
Baffanki