Ka Ce a Bar Maka, Bajamushe

Zuwa ga Sabi'u, wanda unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta sani da Bajamushe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ko da yake ba sai na tambaya ba, hoton da ka saka shekaranjiya ya nuna har wuya ka yi. Ka toshe lambata, ka toshe ta Hadiza, shi ya sa na shimfiɗa wasiƙar nan inda kake baje hotunanka. Wanda ya ƙi ji a ɗaki, sai ya ji a kasuwa.

Ka tuna inda ka samo sunan? Gidan kallon ƙwallo na bakin titi, ranar Asabar da la'asar, mu biyu a benci ɗaya. Golan Jamus ɗin nan dogo, mai barin raga ya fito har tsakiyar fili ya share ƙwallo da ka, sai ka ce ɗan baya. Kai ba wasa kake kallo ba, shi kake kallo. Ka haddace tarihinsa fiye da karatun allo: yadda ya fara tun yana ɗan ƙanƙani a ƙungiyar garinsu, yadda ya koma babbar ƙungiya 'yan garin suka yi ta Allah wadai da shi, yadda ya ɗaga kofin duniya. Washegari ka zo filin makaranta ka ce kai ma daga yau ka daina zaman raga.

Ni ne lamba biyar ɗinka, ɗan bayan da ke tsaye gabanka. Koci ya kafa mana doka: "Idan gola ya ce a bar masa, ɗan baya ya sunkuya, ko da ƙwallon na kan goshinsa."

Sai ranar wasan ƙarshe da 'yan Tarauni. Aka bugo kwana, ƙwallo ta taho daidai kaina, ka kwarara ihu, "Bar mini!" Na sunkuya. Ka fito ka naushi iska, ta faɗa raga. Har yau idan na tsaya kan farashin takalmin da nake sayarwa a kasuwar Tarauni, sai wani tsohon ɗan wasansu ya ce, "Haba Mai-Sunkuyo, ɗan sunkuya mana." Kai aka yafe wa. Ni aka raɗa wa suna.

Duk da haka ban yi hankali ba. Da ƙanwata Hadiza ta gama makarantar ungozoma, manema uku ke sallama a ƙofar gidanmu, ciki har da wani malamin asibiti daga Hotoro, mai kunya da natsuwa. Ka same ni a rumfa ka ce, "Lawan, bar mini." Tana sonka, ban musa ba. Amma ni na durƙusa gaban Baba na ce na san cikinka da bayanka. Ni fa, mai sayar da takalmin gwanjo, wanda ke gane tafin da aka liƙe da gam tun daga tsallaken titi!

Wata bakwai da ɗaura aure ka ce an kira ka gwaji a Jamus, wata uku za ka yi. Bana shekara shida. Yanzu ga ka nan da safar hannu a ƙungiyar wani ƙauye da ko sunansa ba ya faɗuwa sai da tari, kana rubuta cewa kana bin sawun gwaninka.

Wane sawu? Mutumin nan ya karye, ya yi jinya, ya dawo ragarsa. Ya sake karyewa, aka ce ya tsufa, ya sake dawowa. Rabin karatun ka ɗauka, Sabi'u. Ka ga fitarsa ka tashi kana tafi, ba ka tsaya ka ga yadda yake juyawa a guje ya koma ba.

Hadiza ba matar aure ba ce, ba kuma bazawara ba. Kullum ta hau adaidaita ta tafi asibiti, ta karɓi haihuwar matan wasu, ta dawo ɗakin Inna. A gidan biki a ce mata ya maigida, ta ce lafiya lau, alhali a waya take ganinka kamar kowa. Baba ya rasu maganar na rataye. Kalma huɗu ya bar mini: "Kai ka kawo shi."

To ga magana. Ko ka zo, ko ka rubuto mata takardarta. Layi ɗaya ne, bai kai tsawon abin da kake rubutawa ƙarƙashin hoto ba. In ba haka ba, bayan Babbar Sallah za ta je gaban alƙali a raba auren, ni zan raka ta. Ita ta yanke, ba ni ba. Da na karanta mata wasiƙar nan cewa ta yi, "Yaya, rage zagin. Ni ba ƙwallo ba ce da za ku yi ta ihu a kaina." Na rage. Wannan da kake gani ragowa ne.

Abin haushin, ban iya tsanarka yadda ya kamata ba. Kai ka goya ni daga fili har kemis ranar da na gurɗe. Tsohuwar safar hannunka da na ɗinke maka sau uku tana nan rataye a rumfa. An taya, na ce ba ta sayarwa ba ce. In kunyar dawowa hannu rabbana ce ta riƙe ka, taho haka nan. Golan da ba a taɓa ci ba, bai taɓa tsayawa a raga ba.

Allah Ya jiƙan Baba. Allah Ya ba Hadiza mafita ta alheri, da kai ko ba kai. Kai kuma Allah Ya shirye ka, Ya dawo da kai da ƙafarka.

Amma ka sani, wannan karon ko za ka tsage maƙogwaro da "bar mini," ba zan sunkuya ba.

Naka, lamba biyar,
Lawan Mai-Sunkuyo,
Kasuwar Tarauni.